Kafin Ka Tashi Ka Karanta a Gaban Jama'a

Ɗana, duk ranar da ka ji an ce marubutan garinku za su zauna bayan La'asar kowa ya karanta abin da ya rubuta, ka ajiye abin da kake yi ka je. Ke ma 'yata, ki nemi izini a gida, ki ja ƙawarki ku tafi tare. Na san abin da za ku ce mini. Kuna da masu karatu a waya, wata a cikinku ma tana da zauren WhatsApp cike da mata masu jiran shafi na gaba kowane dare, har ana turo mata kuɗi kafin ta saki ci gaban labari. Ban raina wannan ba, Allah Ya ƙara buɗi. Sai dai mai karatu a waya idan labarinki ya gundure shi ba ya faɗa miki, zamewa yake yi ya koma na wata. Wanda ya rage shi ne mai turo "Allah Ya ƙara basira" ko me kika rubuta. A ɗakin da mutum ashirin suka zuba miki ido kina karatu ne za ki ga daidai layin da hankalinsu ya bar ki, wannan ya fara hamma, wancan ya zaro waya.

Ku lura da mai sayen tukunyar ƙasa a kasuwa. Ba ta yarda da ido kaɗai. Sai ta ɗaga tukunyar ta ƙwanƙwasa da yatsa ta kasa kunne, domin tsagar da ta ɓuya ga ido amo yana tona ta. Amfanin karatu a fili ke nan ga rubutu. Jimlar da ta yi maka kyau a takarda, kana furta ta za ka ji inda ta tsage.

Kada wani ya ce muku wannan zama baƙuwar al'ada ce da aka aro daga Turawa. Adabinmu ta kunne ya fara yawo kafin ya samu maɗaba'a. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba a kanta aka sayar da waƙoƙinta ba. Jajojinta ne suka haddace su, suka kai su ƙauyuka suna rera wa mata 'yan taru. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma Imfiraji ta shiga gidajen da ba a taɓa buɗe littafin boko a cikinsu ba ta bakin masu rera ta a ƙofar gida. A Kano, a shekarun 1970, akwai Hikima Kulob ta su Mudi Sipikin, akwai Hausa Fasaha ta su Aƙilu Aliyu. 'Yan Hikima sha'irai ne da suke haɗuwa, su ji waƙoƙin juna, su kai su gidan rediyo jama'a su ji. Mata ma ba a bar su a baya ba, Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yarshehu a wannan zamanin suka yi suna. Da guguwar littattafan soyayya ta taso a ƙarshen shekarun 1980, marubutan da kamfanonin buga littattafai ba su kula su ba sai suka haɗa kai. Ƙungiyar Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba ta riƙa jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a cikin littafin kowannensu, wanda ya sayi ɗaya ya san da sauran. Ita kuwa ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, reshenta na Kano ya daɗe yana shirya zaman wata-wata na Hausa da na Turanci, an sha yin sa a Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad. Yanzu ga manyan bukukuwan littattafai da aka fara a Kaduna, KABAFEST tun 2017 da HIBAF tun 2021. Wanda ya saba tsayawa gaban mutum ashirin a garinsu ba zai ruɗe ba in an kira shi irin waɗannan.

To, ka yi niyyar zuwa. Me za ka karanta? Nan ne tuntuɓen farko. Yaro zai zo da littafi mai shafi ɗari uku, ya buɗe babi na ɗaya, ya fara da fitowar rana da kukan tsuntsaye, ya bi gidan Alhaji ɗaki ɗaki yana lissafa kujeru da labule, har mai gabatarwa ya miƙo masa 'yar takarda cewa lokaci ya ƙare, ba a ga mutum ko ɗaya ya buɗe baki a labarin ba. Tsakanin La'asar da Magariba lokaci ne ƙanƙane, ga mutum takwas ko goma suna jiran layi, kowa kuma yana son a yi masa sharhi. Ka zaɓi wurin da wani abu yake faruwa: inda uwa ta gano wasiƙar, inda aka zo biko aka tarar matar ta riga ta yanke shawara. Ka faɗi abin da ya gabata a jimla biyu, ka shiga. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani, tana neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma ana karanta zaɓaɓɓun a rediyo. Wannan ma'auni ne mai kyau. Kalma 1,500 za ta ci maka minti goma ko fiye in ba gudu kake yi ba, kuma a zaman da mutane suke da yawa rabin haka ya wadatar. Gara ka zauna ana cewa "ina ci gaban?" da a ce sai an roƙe ka ka tsaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin zaman ka rufe ɗaki ka karanta da ƙarfi, kamar mutanen suna gabanka, ka duba agogo. Inda numfashinka ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, aya ce ta ɓace. Inda harshenka ya sarƙe, ba laifin harshen ba ne, kalmomin ne ba su zauna da juna ba. Za ka kuma ji abin da ido ya saba tsallakewa: "sai" bakwai a sakin layi ɗaya, "murmushi ta yi" sau huɗu a shafi guda, da kuma jimlar da ka yi tunaninta da Turanci ka sa mata rigar Hausa. Wannan ta ƙarshe ita kunnen Bahaushe ya fi saurin kamawa. Ka ɗauki Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ka karanta wa ƙannenka shafi ɗaya da dare, ka ga yadda bakinka yake tafiya ba tangarɗa, sa'an nan ka karanta musu naka. Bambancin da ka ji, shi ne aikin da ya rage maka.

In da hali ka buga a takarda, da manyan haruffa, ka riƙe biro. Na ga wata yarinya mai kyakkyawan labari ta tsaya da waya a hannu, muryarta na rawa amma ɗaki ya yi tsit, ta kai daidai inda kishiya ta ɗaga murfin tukunya, sai kira ya shigo. Ta katse, fuskar wayar ta mutu, ta buɗe, labarin ya koma can sama, ta yi ta jan yatsa tana cewa "ku yi haƙuri, yanzu zan gano wurin." Kafin ta gano, mutum biyu a baya sun fara hirar kuɗin mota. Takarda ba ta yi wa mutum haka, kuma a gefenta za ka rubuta gyaran da aka ba ka tun bai tashi daga kanka ba.

Idan an kira sunanka, ka yi sallama, ka faɗi sunan labarin, ka fara. Ka bar dogon share fage. Wasu sukan cinye rabin lokacinsu suna gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, wasu kuma su ce "ni ba marubuci ba ne, jiya da dare na ɗan tsara shi, a yi mini afuwa." Wanda ya ji haka ya riga ya rage maka kunne ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, tunda ka tashi, ka tsaya a kan abinka. Ka ɗaga kai lokaci lokaci ka kalli mutane, ka ba wanda yake kujerar ƙarshe haƙƙinsa na ji, kuma in ka zo inda aka yi dariya ka dakata ta lafa.

Ku masu waƙa, naku ya fi tsanani, domin a rubutacciyar waƙar Hausa kunne ne alƙali. Za ka iya jera baiti talatin amsa-amonsu duk ya faɗa a "wa", ka ɗauka ka gama, alhali karin ya karye tun ɗango na uku. A irin wannan zama ba a rasa wani dattijo a gefe, ido a rufe, yana buga yatsa a gwiwa yana bin karin. Ka sa masa ido. Muddin yatsan nan yana tafiya, kana kan hanya. Inda ya tsaya cak ya buɗe ido, ka yi wa ɗangon alama, ko bai ce komai ba. Bayan an tashi ka bi shi ka durƙusa ka tambaye shi. Irinsu ne suke iya nuna maka a minti biyar cewa gaɓa ɗaya mai nauyi ka cusa inda sassauƙa ta dace, abin da za ka shekara ba ka gano da kanka ba. Masu sabon salo da ba ya bin kari, ban ce ku bari ba, kowane zamani da kiɗansa. Amma ku san karin tukuna, domin a gane da gangan kuka sauka daga kansa.

Yanzu ga wurin da na fi son ku buɗe kunne, wato bayan ka rufe takarda an ce "to jama'a, sharhi." A nan ake rasa yara da yawa masu baiwa. Mutum na farko zai ce ma sha Allah. Na biyu zai ce labarin ya yi ma'ana. Na uku zai gyara zama ya ce bai yarda matar nan za ta yafe wa mijin a shafi ɗaya ba bayan abin da ya yi mata shekara goma. Nan take za ka ji wuyanka ya yi zafi, bakinka ya cika da amsa: ai a babi na tara an bayyana dalili, ai labarin gaskiya ne, a unguwarmu ya faru. Ka haɗiye. Ka rubuta abin da ya ce. Ranar da littafin ya shiga kasuwa ba za ka bi kowane kwafi gida kana bayani ba, abin da ke takarda shi kaɗai zai tsaya wa kansa. Cewa abu ya faru da gaske ba ya wanke shi, aikinka ne ka sa mai sauraro ya yarda zai iya faruwa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na ga waɗanda suka yi zuciya a zama na farko ba su sake dawowa ba, suka koma inda ake yabonsu kaɗai. Bayan shekaru ka ɗauki sabon littafinsu, kuskuren da aka nuna musu ran nan yana nan daram, sai dai ya ƙara shafuka.

Ba kuma cewa na yi duk abin da aka faɗa maka gaskiya ne ba. A kowane zama akwai mai sharhin da ba labarinka yake gyarawa ba, nasa yake son ka rubuta. Akwai wanda duk labarin da bai ƙare da wa'azi ba a wurinsa ɓata takarda ne. Akwai mai son a san ya yi jami'a, zai jero maka jigo da salo da warwarar jigo ba tare da ya taɓa jimla ɗaya taka ba. Ka yi musu godiya duka, ka tafi gida da takardarka, ka bar ta ta kwana biyu. Ga abin da na gani yana aiki: idan mutum uku da ba su haɗa baki ba suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, akwai dutse a wurin, ko da maganin da kowannensu ya ba ka ba daidai ba ne. Su suke nuna inda ke ciwo, kai ne mai nemo magani. Ku tuna a shekarun 1990 an yi ta fafatawa a jaridu kan littattafan da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare su. An faɗi maganganu masu zafi. A ganina marubutan da suka fi cin ribar wannan muhawara su ne waɗanda ba su yarda an kashe musu gwiwa ba, ba su kuma toshe kunne ga zancen ƙa'idojin rubutu da gaggawar kai littafi maɗaba'a ba.

In layin sharhi ya zo kanka, ka tuna zafin da ka ji. Laifi tudu ne. Ka fara da abin da ya yi aiki, kuma ka kama shi da hannu: kada ka ce "ya yi daɗi", ka ce "inda yaron ya ɓoye takalminsa a bayan randa, nan na ga talaucin gidan ba tare da an ambace shi ba." Sa'an nan ka kawo gyara ɗaya ko biyu, a kan rubutun, ban da mai rubutun. Wanda ya girme ka, ka sa gyaran a sigar tambaya, "Malam, ko da dalilin da ya sa...", zai gane, jama'a ma za su gane. Yabon ƙarya kuwa ba kirki ba ne, ka bar ɗan'uwanka ne ya fita kasuwa da abin da ka san za a yi masa dariya a kai.

Wata ɗabi'a da nake roƙon ku guje mata: mutum ya karanta nasa, a yi masa sharhi, ya duba agogo ya sulale. Ana gani. Wata mai zuwa in ya tashi karatu zai tarar da kunnuwan da ya bari. Ban da haka ma, rabin karatun a sauraron na wasu yake, domin kuskuren da ba ka iya gani a naka, a bakin wani za ka ji shi ƙarara, ka koma gida ka tarar da irinsa a shafinka.

Ku yi hattara da mutanen da kuke ɗauka daga rayuwa ku sa a labari. Zaman gari ɗaya ba intanet ba ne. Idan ka kwatanta mai unguwa mai ɗingishi da matarsa ta uku 'yar mai goro, canza suna ba zai ɓoye shi ba, wataƙila ma ɗan ƙanwarsa yana zaune a layi na biyu. Magana zarar bunu ce. Ka ɗauki halin, ka canza gari da sana'a da kamanni, har mai abin ya ji labarin ya tausaya wa mutumin ciki bai san shi ba ne. Haka zancen shimfiɗa da wasu suke cusawa don a yi ta tura labarinsu. Ban hana ku taɓa abin da ke faruwa a gidajen aure ba, Balaraba Ramat ta taɓa auren dole da wulaƙancin miji tun a Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, kuma ta yi shi da kaifi. Amma sakin layin da ba za ki iya karantawa da muryarki a gaban sa'ar mahaifiyarki ba, ki sake dubansa, sau da yawa za ki tarar labarin bai buƙace shi ba.

'Yata, ke taki maganar daban. Na san fitowarki ta fi ta ɗan'uwanki wuya, na kuma san a wasu zaman maza ne suke cinye sharhi, mata suna baya suna sauraro, alhali tun daga So Aljannar Duniya ta Hafsat Abdulwaheed a 1980 zuwa yau mata ne suka riƙe kaso mai yawa na ƙagaggun labaran Hausa, a rubutawa da karantawa. Kada ki miƙa wa wani namiji takardarki ya karanta miki don kunya. Zai karanta da nasa numfashin, ya yi gudu inda kike son a tsaya. Ki tashi da kanki ko murya na rawa, a zama na uku za ta daina. Wanda kuma ya biyo ki bayan taro da cewa zai duba miki rubutu a keɓe, ki ce masa ya kawo gyaran a zama mai zuwa kowa ya amfana. Mai niyyar gyara zai kawo.

Akwai ranar da za ku buƙaci juna fiye da gyaran jimla. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a 2008 kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Ƙungiyoyin marubuta ne suka zauna suka yi magana da hukuma, mutanen da suka riga suka san fuskokin juna daga irin wannan zama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka in wani ya zo da sabon littafinsa ya ajiye a kan tebur, ka saya in kana da hali, kada ka tsaya jiran kyauta. Kuɗin takarda da na maɗaba'a daga aljihunsa suka fito.

Wanda kuma yake garin da babu irin wannan zama, a Gumel kake ko Maraɗi ko zangon Kumasi, ba sai ka jira wata ƙungiya ta zo daga birni ba. Mutum biyar sun isa. Ku nemi shugaban wata makarantar firamare ya ara muku aji ɗaya ranar Asabar ko Lahadi, ku gayyaci malamin Hausa na sakandaren garin da wani dattijo mai kunnen waƙa. Ku tsayar da rana ɗaya a wata wadda ba ta canzawa, ko mutum uku ne suka zo a zauna. Ku naɗa mai kula da lokaci wanda ba ya jin nauyin kowa, ku sayi littafin rubutu guda a riƙa shigar da sunan wanda ya karanta da abin da ya karanta da kwanan wata, domin ko gardamar satar fasaha ta taso wata rana akwai shaida. Ku bar zancen shugaba da sakatare da ma'aji sai zaman ya shekara, na ga inda rabon muƙami ya kashe taro tun ba a karanta labari goma ba. Kuɗin ruwan sha ku yi karo-karo, ku share ajin ku mayar da bencina yadda kuka same su, ku tashi kafin kiran Magariba saboda masu nisa.